Katin Aro na Maman Murna

Matar Micah ce, yayana. Sunanta Roda, amma duk ƙauyenmu Maman Murna ake ce mata, ban da ni da nake kiranta uwargidana don kawai in ji ta ce, "Ka fara mallakar katifa tukuna, sai mu yi maganar aure."

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Danja, inda idan rani ya yi tumatir ke yin yawa har mutum ya tsani ganin jan abu. A nan Roda ta yi suna. Ita ce mai kauɗa. Ta yanka tumatir, ta shanya shi a kan falalen dutsen bayan coci, ya bushe, ta ɗura a buhu, 'yan Funtua su zo su kwasa. Kwandon da maza biyu ke ɗagawa suna nishi, ita kaɗai take ɗora shi a ka, kuma tana tafe tana faɗa da wanda ya cika shi. A Zumuntar Mata ita ke riƙe da tulun kiɗa, kuma ba ta taɓa ba wata ta ɗan taɓa ba.

Halinta ke nan. Hannun da ba ta sani ba, ba ya taɓa kayanta. Tela ɗaya take kai wa ɗinki shekara goma sha shida, mutumin da bai taɓa yin hannun riga biyu sun zo daidai ba. Ka ce mata ga sabon tela ya buɗe shago a bakin titi, sai ta ce, "Shi wannan na san inda yake karkata. Wancan fa?" Injin niƙa ɗaya, direba ɗaya, duk da motarsa ba ta taɓa isa Malumfashi ba tare da an tura ta ba.

A kan tela da direba sai mu yi dariya. A kan likita ba ma yi, don mun san mafarin abin. Tana da shekara goma sha huɗu ta raka yayarta Rahab wani asibiti mai nisa, bayan Rahab ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Wani likita da ba wanda ya san ko sunansa ya fito, ya duba, ya ce sai an yi aiki. Aka tura Rahab ciki, aka fito da ita a lulluɓe. Duk mai hankali ya san makara aka yi. Amma yarinyar da ke zaune a kan benci da ƙunshin zannuwa a cinya ba wannan ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne baƙon likita da wuƙa.

Shi ya sa da ta sami Dokta Adebayo ta kama shi da hannu biyu. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin a asibitin da muke zuwa, Hausa a bakinsa har da zagi. Shi ya karɓi haihuwarta huɗu, ba wadda aka ɗauko wuƙa. A ta huɗun ta zubar da jini har ta sume, amma in ka tambaye ta sai ta ce, "Gyangyaɗi ne ya ɗan ɗauke ni." Da ta je awon ciki na biyar, sai ya ajiye shuɗin bironsa, ya zaro ja, ya yi rubutu a saman katinta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ya ce, "Mai kauɗa, duk ranar da abin ya zo, kada ki tsaya wanke-wanke. Ki taho da wannan."

Ba ta tambaye shi me ya rubuta ba. Don me za ta tambaya, tunda shi zai karanta?

To, amma akwai layin awo. Wanda bai taɓa wucewa ta gaban wannan benci ba bai san inda ake yanke hukunci a ƙasar nan ba. Mata talatin da ciki, tun bakwai na safe har azahar, ba abin yi sai magana. Katin Roda ya bi hannu ya zagaya, aka kuwa yanke masa hukunci baki ɗaya: jan biro, wuƙa ce. Wata ta ce ƙanwar mijinta an yi mata jan rubutu, aka yi mata aiki. Wata ta ce ita ma ta ji haka a Maska. Shi ke nan, magana ta tabbata.

Ta kawo min katin, ni da na yi aji uku na sakandare kafin ni da makaranta mu rabu ba faɗa. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa. Rubutun kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito da gudu.

Na ce, "Uwargidana, abu biyu ne. Ko dai ya ce a yi miki aiki, ko kuma yana son buhun kauɗa biyu kafin Ista."

Ta ƙwala min ludayi a ka.

Na ce, "To ki koma ki tambaye shi mana. Bakinki ciwo yake yi?"

"In tambaye shi ya ce ban yarda da shi ba? Shi ba zai yanka ni ba, ya san ni. Ya rubuta ne don na sama da shi su gani. Wanda bai san ni ba ne zai ga ja ya ɗauko wuƙa."

Daga nan ta shiga aiki. Ta ƙulla ƙawance da matar da ke share asibitin har ta haddace ranakun da Dokta Adebayo yake bakin aiki. Mun sha jin ta a kan dutse tana yanka tumatir tana yi wa cikin gargaɗi: "Litinin ko Laraba. Ka kuskura ka zo ranar Asabar ka gani."

Ana saura mako biyu ta haihu, mahaifiyar Dokta Adebayo ta rasu a kudu, ya tafi bikin binne ta na mako uku. Aka bar ɗakin haihuwa a hannun wata sabuwa, Dokta Simisola. Roda ta hango ta sau ɗaya daga nesa, ta dawo gida ranta a ɓace.

"Yarinya ce fa, Baban Murna! Da kambas a ƙafa, tana tafiya kamar ana kiranta a waya. Ko goyo ba ta taɓa yi ba. Irinsu a jikin mutum suke koyo."

Micah ya ce, "Ubangiji zai kiyaye." Shekara goma sha shida da aure sun koya masa cewa wannan ce kaɗai maganar da ba ta jawo masa wata.

Ranar da abin ya faru ina fadama, ban ga komai da idona ba. Amma mutum huɗu sun ba ni labari, kowa yana wanke kansa, na haɗa na tace.

Naƙuda ta taso da hantsi. Roda ta ƙarasa shanyar da ta fara, don ba za ta bar tumatir a yanke ya ruɓe ba, sannan ta zagaya ta bayan danga ta shiga gidan maƙwabciyarta Hansai, matar Malam Sada. Turmi ɗaya suke daka, rariya ɗaya suke tankaɗe, tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ta saman dangar nan suke haurawa. Ita ma Hansai tana da ciki wata bakwai, na biyu. Aron katin asibiti kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Akwai gidan da kati ɗaya ya yi wa mutum tara maganin zazzaɓi, har da kakarsu da ke amsa sunan Hussaini.

Roda ta ce, "Hansai, ara min katinki. Naki ba ja a jiki."

Hansai ta ce, "Yaya Roda, na awo ne fa. Ba na zazzaɓi ba ne."

"Na sani. In sun ga mai tsabta, su bar ni in haihu da kaina in taho gida. Ga nawa, ki ɓoye min."

Hansai ta tsaya tana murza bakin zane. Akwai abin da ta sani, amma faɗinsa ya fi ƙarfinta. Ta ɗauko katin, ta duba gaba da baya, ba ja ko ɗigo, ta miƙa.

"Da hijabi," in ji Roda. "Akwai masu sanina a can."

Micah yana tayar da babur ya ga matarsa ta fito cikin hijabi har ƙasa, ana tsakiyar zafin Maris.

"Maman Murna, wannan fa?"

"Sanyi nake ji. Ja mu tafi."

Suna isa ƙofar asibiti ta ce ta manta fulas ɗin ruwan zafi, kuma ta tabbata awaki suna kan shanya. Ya koma ya dubo. Ya kuwa juya ya tafi. Wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ni da abin cewa.

A ɗakin haihuwa nas ta karɓi kati ta ce, "Suna?"

"Hansai Sada."

Dokta Simisola ta shigo da kambas ɗinta. Haifaffiyar Funtua ce, uwarta tana sayar da atamfa a kasuwa, Hausarta ta fi ta Dokta Adebayo tsabta. Ta gaida mai naƙuda, ta buɗe katin, ta karanta, ta sake karantawa. Ta juya wajen nas.

"Sista, wata bakwai ne, kuma an taɓa yi mata aiki. A shirya ɗakin tiyata ko da za a buƙata. Ki kira lambar mijin da ke jiki, ya zo yanzu."

Roda kalma ɗaya ta ji a ciki. Ta ƙanƙame zaninta da hannu biyu.

"Tiyatar me? Duba da kyau, 'yata. Ba ja a jiki!"

"Malama Hansai, kwanta in duba cikin."

"Ba za ki duba ba."

"To me kika zo yi?"

"Haihuwa na zo yi. Ku ba ni wuri kawai."

Aka yi ta ja. Likita ta yi lallashi, nas ta yi tsawa, Roda tana riƙe da zani kamar za a ƙwace mata gona. Can wata naƙuda mai ƙarfi ta murɗo ta, sai ga mace cikin hijabi ta buɗe baki ta ce, "Wayyo Yesu na!"

Nas ta dubi likita. Likita ta ce, "Ba ruwana da wanda kike kira, ki kira shi da kyau. Ni dai cikin nake son gani." Kafin ciwon ya lafa ta ɗage zanin, ta auna, ta shafa, ta tsaya.

"Mama, wannan cikin wata tara ne cif. Kuma wannan fatar ta haifi mutum huɗu ko biyar. Ina tabon aikin?"

"Wane aiki?"

"Katin ya ce haihuwarki ta fari aiki aka yi miki."

Roda ta manta da naƙuda, ta ɗago kai. "Hansai? Hansai aka yi wa aiki?"

Abin da ya faru shi ne, cikin fari Hansai goyon ciki ta tafi gidan iyayenta a Matazu, kamar yadda ake yi. Can aka yi mata aikin. Ta dawo bayan arba'in da jaririnta, ta rufe bakinta, don kada matan ƙauye su ce raguwa ce ta kasa haihuwa da kanta. Kuma abin yana nan a katinta, da shuɗin biro, baƙi-baƙi, ba wanda ya ja masa layi. Na tambaye ta ko in saka wannan a rubutuna, ta ce in saka, ta gaji da ɓoyo.

Likita ta ajiye katin. "To, ke wace ce?"

"Roda Micah."

"Ina naki katin?"

"Ya ɓata."

"Lambar fayil ɗinki a jikinsa take. Kin san ta?"

"Ni na san lamba?"

"Haihuwarki nawa? Akwai wadda aka sha wahala?"

"Huɗu. Duk lafiya lau, kamar an sauke tuwo."

Aka tura a nemo fayil da suna. Aka tarar da Roda Micah guda biyu da Roda Mika ɗaya, kuma mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya fita cin abinci.

Shi kuwa Malam Sada yana kasuwar Danja a tsakiyar kwandunansa aka kira shi aka ce matarsa tana naƙuda, za a shiga da ita tiyata. Wata bakwai. Ya bar tumatir ɗin a hannun Allah, ya hau babur, yana tafe yana salati. Ya faɗo asibiti ba hula. Nas ta buɗe masa ƙofa kaɗan don ya ga matarsa. Ya ga hijabin da ya saya da hannunsa, ya ga fuskar da ke ciki.

"Inna lillahi! Maman Murna, me kike yi a cikin hijabin matata?"

"Malam Sada, ina wuni. Ya kasuwa?"

"Kasuwa? Kasuwa kike tambayata? Ina Hansai?"

"Tana gida, lafiyarta ƙalau. Rufe ƙofar, ana ganina."

Ya kira Hansai a waya, muryarsa har bakin titi. Tana kuka ta ce katin Roda yana ƙarƙashin katifarta, da jan rubutu a sama. Likita ta karɓi wayar ta ce a kawo shi yanzu-yanzu. Micah yana can ya gama korar awakin da babu su, yana neman fulas ɗin da yake cikin jakar matarsa. Shi ya ɗauko Hansai da katin.

Lokacin da suka iso, faya ta riga ta fashe. Dokta Simisola ta dubi jan rubutun, wanda ni na kasa, ta karance shi cikin ƙiftawar ido. Fuskarta ta canza.

"Sista, ƙarin ruwa, hannu biyu. A duba jini nawa ke firij. Mazan nan na waje a gwada jininsu duka."

Roda ta yunƙura za ta diro daga gado. "Kun gani ko! Na faɗa! Ta ga ja! Baban Murna, zo ka fitar da ni!"

A nan likita ta daina lallashi. Ta dafa kafaɗarta ta mayar da ita, ta kawo katin daidai hancinta.

"Mama, saurare ni, ba ni da lokacin maimaitawa. Ba wuƙa ya rubuta ba. Cewa ya yi kina zubar da jini bayan haihuwa, a tanadi jini kafin ki haihu, a yi miki allura da zarar ɗa ya fito. Ya rubuta da ja ne don wanda bai san ki ba. Don ni ya rubuta. Awa biyu kika cinye min da ya kamata in yi wannan shirin. Ba ni hannunki."

Roda ta ɓoye hannun a ƙarƙashin hijabi. "In kin sa min ruwan nan barci zan yi, in farka an yanka ni."

"Ruwa ne, ba maganin barci ba. Idonki biyu za ki ga duk abin da nake yi. In har sai an yi aiki, a gabanki zan faɗa, da bakina. Ban san ki ba, ke ma ba ki san ni ba. Amma yau ni ce a nan, kuma yaron nan ba zai jira kowa ya dawo daga biki ba."

Nas ta ce tunda take aiki ba ta taɓa ganin an miƙo hannu a hankali kamar wannan ba. Ya fito daga ƙarƙashin hijabi kamar mai leƙen ko ana ruwa. Amma ya fito.

Kafin la'asar ta haifi namiji, da kanta, ba wuƙa. Ana cikin barka jinin ya ɓalle. Allura tana hannu, ruwa yana tafiya, likita ta hau dannar cikin da ƙarfinta duka tana kiran sunanta, na gaskiyar, don kada ta tafi. Ledar jini ɗaya ce a firij da ta dace da ita, aka ɗaura. Na Micah bai yi daidai ba. Na Malam Sada ya yi. Ya kwanta ana ɗiba yana ta faɗa shi kaɗai.

"Na bar kayana a kasuwa. An tsinka min zuciya. An sa hijabin matata. Yanzu kuma jinina. Akwai sauran abin da kuke so a gidana?"

Micah yana tsaye a kansa da lemo a hannu yana cewa, "Ubangiji zai saka maka, Malam."

"Kai dai ka yi shiru. Ka ga mace da hijabi a gidanka, ba ka tambaya ba?"

"Na tambaya. Ta ce sanyi."

Kashegari da rana na je. Na tarar da uwargidana a kwance, ta yi fari fat, leɓe a bushe, jariri a gefe. Na ce mata, "Sannu Hajiya Hansai." Ba ta da ƙarfin ludayi, harara kawai na samu.

Ina nan Dokta Simisola ta shigo zagaye. Ta duba ido, ta duba hannu, ta shafa cikin, Roda ba ta ko motsa ba.

"'Yata," in ji Roda, "kin yi ƙoƙari. Hannunki da nauyi, amma kin yi ƙoƙari. Ki faɗa min ranakun da kike aiki, saboda gaba."

Likita ta rufe ido na ɗan lokaci, kamar mai addu'a. "Mama, in kin ji shawarata, babu gaba, za mu zauna da maigidanki mu yi wannan maganar. Amma ko da akwai, ni watan Yuni zan bar nan. Shi ma Dokta Adebayo ya kusa ritaya. Wani ne zai zo, ba ki san shi ba, ni ma ban san shi ba."

Roda ta dubi rufin ɗaki ta daɗe, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashin kai, ta zaro katin, nata na gaskiya, ta miƙa.

"To zauna ki rubuta abin da ya faru jiya. Duka. Da ja. Kuma ki rubuta yadda mutum zai iya karantawa, ba irin na wancan tsohon ba."

Likita ta jawo kujera ta zauna, ta ce wa nas ta ara mata biro.